Ranar da Gidaɗo Ya Yi Shiru

Ƙanena Gidaɗo dillalin shanu ne a karar Gadau, wato kasuwar dabbobi, kuma tun yana yaro bakinsa ba ya hutawa. In yana ciniki, har na ƙarshen kasuwa sai ya ji farashi. Ni kuwa tuwo nake sayarwa a bakin wurin lodi, inda manyan motoci ke kwasar shanu zuwa Kudu.

Bara wasu fataken dabbobi na Nijeriya da Nijar da Chadi suka ce za su haɗu a ƙungiya ɗaya, su rubuta mata tsarin mulki. A Azare aka yi zaman. Ƙa'idar ita ce kowace kasuwa wakili ɗaya, kuma duk sharaɗin da wakili ya ƙi, an soke shi. Manyan Azare, da yake su ne masu motocin, sai suka cusa sharaɗin cewa duk shanun ƙasar Katagum a Azare kaɗai za a riƙa loda su. Wato mu na Gadau mu kashe murhu ke nan.

Muka tura Gidaɗo, don wa ya kai shi baki? Aikinsa kawai shi ne ya je ya ce bai yarda ba.

Ashe mutanen Azare sun san gidanmu ciki da bai. Suka ɗauko Alhaji Ya'u, dattijon Bafulatani, uban matar Gidaɗo, suka ɗora shi shugaban zama. Gidaɗo kuwa tun da ya yi aure ko ruwa bai taɓa sha a gaban mutumin nan ba. Aka karanta sharaɗin, Alhaji ya ce, "Akwai mai magana?" Gogan naku ya sunkuyar da kai yana tsinkar bakin tabarma. Wakilin Diffa har zungurinsa ya yi, ko motsi. Aka shafa fatiha.

Da ya dawo na tare shi tun daga zaure, raina a ɓace.

"Kai Gidaɗo, wa ya ɗinke maka baki?"

"Haba Adda, a gaban surukina zan ɗaga murya?"

"To madalla. Sai mu tuƙa kunyar taka mu ci."

Bayan an rufe wurin lodi, na kife tukwanena, matar Gidaɗo ta je gidansu ta dawo da saƙo, don shi ma Alhaji ba ya iya faɗa masa ido da ido. Wai shi kansa bai so sharaɗin ba, 'yarsa da jikokinsa a Gadau suke ci, amma shugaban zama ba shi da ƙuri'a. Ya ce ya yi ta jan lokaci yana kallon wajen Gidaɗo, Gidaɗo bai ɗago kai ba balle ya gani.