Malama Salome da Daɓen Aji Ɗaya

Kafin manoma su gama ɗaura wa jakuna mangala, Malama Salome ta riga ta fito. Gidanta yana bayan kasuwar Tungar Labbo, a ƙasar Anka, makarantar firamare kuma tana ɗaya gefen, sai ta zagaya ta bayan gari da bokiti a hannu, ta wuce gonaki, ta wuce ramin jar ƙasa, ta tsaya a rijiya ta cika bokitin. A bakin aji ɗaya take ajiye shi. Duk yaron da ya zo sai ya miƙa hannu ta wanke masa da sabulu, ta duba farce, ta tambaye shi lafiyar innarsa da sunanta. Wanda ya zo da kuka ta goya shi, wanda ya zo da yunwa ta san inda take ɓoye ƙuli-ƙuli.

Daga Zuru ta zo tana budurwa, Kirista, ba ta san kowa ba. Aka ce ba za ta ga damina biyu a garin ba. Yau 'ya'yan waɗanda ta fara koya wa baƙi da wasali su ne a gabanta, kuma a ƙarshen zangon nan za ta ajiye aiki. Hedimasta, Malam Shehu, ya ce an riga an turo Malama Hamida daga Anka ta karɓi ajin. Ko mu da ba mu yi nisa a karatu ba, abin da muke iya rubutawa a hannunta muka samo. Amma ba don wannan kaɗai ta cancanci jinjina ba. Akwai maganar daɓe.

Wanda bai zauna ƙasar nan a 2010 ba sai an yi masa bayani. Zinare ya bayyana a daji. Maza suna haƙo dutse su kawo gida, a daka, a niƙa, a wanke. Ashe akwai dalma a cikin dutsen, ƙurarta kuma ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙanana suka riƙa jijjiga suna mutuwa, daga Yargalma zuwa Tungar Daji, har garinmu. Da likitoci suka gano gubar, sai aka zo aka kankare ƙasar gidaje da lunguna da filin makaranta, aka zuba sabuwa. Aka bar wa mata magana guda da ba su manta ba: ƙura ce abokiyar gaba.

Babu wadda ta riƙe maganar nan kamar Inna Amariya. Ita ce tsohuwar da ke jan ragamar mata a kowace gayya, biki ko suna ba a ɗora tukunya sai ta iso. Jikokinta biyu suka tafi a shekarar gubar, aka bar mata Naziru, ɗan ɗanta Makau. Da aka sa Naziru a aji ɗaya, ya riƙa dawowa gida wandonsa fari fat, domin ajin ba shi da benci, simintinsa kuma ya daɗe da komawa gari. Inna Amariya ta dubi wandon nan ta ce ba za ta saɓu ba.

Ta jira Malama ta tafi gida hutun Kirsimeti, ta tara mata. Mazan suka ba da izini, yawancinsu ma suna daji wurin haƙa. Daɓe aikin mata ne tun kaka da kakanni, kuma kowace mace a garin ta san inda ake ɗibar ƙasarsa: ramin jar ƙasa. Tsofaffi suka haƙa, 'yan mata suka yi jigila a kwanoni, aka jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorowa, aka jera ana bugun madaɓi ana waƙa har daɓen ya kwanta, ja, santsi, yana ɗaukar ido. Ba su gaya wa Malama ba. So suke su ga fuskarta.

Suka kuwa gani. Ranar da ta dawo suka raka ta har bakin aji. Ta cire takalmi, ta taka, ta durƙusa ta shafa da tafin hannu.

"Inna, wa ya yi mini wannan gata?"

"Aljanu," in ji Inna Amariya. "To 'yar Zuru, ku can kun iya irin wanga, ko sai dai noman doya?"

Mata suka yi dariya, ita ma ta yi. Ta ce, "Ina kuka samo ƙasa mai kyau haka?"

"Ramin jar ƙasa mana. Ina kuma?"

Nan take Malama ta daina dariya. A shekarar zinare, kullum ta bi ta bakin ramin nan da safe takan ga samari sun tsuguna da kwanoni suna wanke niƙaƙƙen dutse a ruwan da ya taru, suna zubar da laka a nan. Matan suna cikin gida, ba su taɓa gani ba. Mazan da suka yi wankin ba ruwansu da inda ake ɗibar ƙasar daɓe. Da masu kankare ƙasa suka zo, gidaje aka nuna musu da babban kududdufi, ba wanda ya tuna da ramin. Ita kanta ba ta tuna ba sai yanzu, tana durƙushe a kan ƙasarsa.

Kuma ba ta da tabbas. Wataƙila ruwan sama ya wanke komai. In ta yi magana, ta watsa wa matan gari ƙasa a ido a kan kyautar da suka yi da guminsu. In ta yi shiru, gobe da safe yara za su zauna a kai. Ta yi godiya, ta sallame su da fara'a. Washegari yara suka tarar da kwaɗo a ƙofar aji, da tabarmi a shimfiɗe ƙarƙashin tsamiya, a filin da aka zuba sabuwar ƙasa.

Malam Shehu ya ja ta gefe, ta faɗa masa dalili. Ya sosa ƙeya.

"Malama, a shimfiɗa tabarmin a kan daɓen mana. In matan nan sunka ji, ni da ke ba mu da wurin zama garin ga."

"Malam, ka san 'yan aji ɗaya. Wa ya taɓa zama a kan tabarma har a tashi? Alli ya faɗi ƙasa, su ɗauka su sa a baki."

"In kuma ƙasar lafiya lau take?"

"Sai in bi gida gida in ba da haƙuri. Shi haƙuri ana iya ba da shi daga baya."

Ya bar mata kwaɗonta, ya ce zai aika Anka a zo a gwada ƙasar. Amma saƙo yana tafiya da ƙafa, tsegumi kuwa da mashin. Kafin azahar gari ya ɗauka cewa Malama ta raina aikin mata. Wasu suka ce ƙyama take yi, har da masu jawo maganar addini a ciki. Furar da ake aiko mata kullum ta daina zuwa. Yaran da ke zuwa ƙarƙashin tsamiya suka riƙa raguwa, wasu iyayen kuma suka ce in ba a buɗe ajin ba su za su buɗe. Ta so ta je ta sami Inna Amariya a ɗaki su yi magana su biyu, aka ce mata tsohuwa ba ta nan, alhali tana jin tarinta daga zaure.

Tsohuwar ce ta zo da kanta, da hantsi, hannu ɗaya riƙe da Naziru, ɗaya riƙe da taɓarya, mata na biye. Malama ta bar yara, ta riga ta zuwa ƙofar ajin, ta zauna a kan dokin ƙofa.

"Inna, ina kwana."

"Ban zo gaisuwa ba. Tashi in fasa wanga kwaɗo. Jikana na kawo, shi za ya fara zama, kowa shi gani in aikinmu ƙazanta ne."

"Naziru ne ma ba zan bari ya shiga ba."

"Mi munka yi maki? Hannunmu ne ba ki so, ko mu ɗin?"

"Aikinku ba shi da aibu, Inna. Ƙasar nake tsoro."

"Ƙasar da uwata ta ɗiba? Ɗakin da anka haife ni da ita anka daɓe shi, ga ni kuwa har na tsufa ina faɗa da ke."

"A lokacin ba a wanke dutse a ramin ba. Shekarar zinare an wanke. Hanyata ce, da idona na gani."

Inna Amariya ta ce, "Wa?"

"Ba zan kira sunan ɗan kowa ba. Ki tambayi mazan gari."

Makau yana bakin hanya wurin mai faci, aka kira shi. Ya zo ya tsuguna a gaban uwarsa.

"Makau, kun taɓa wanke dutse ramin jar ƙasa?"

"Inna, ai kowa ya wanke."

"Ban tambaye ka kowa ba."

Ya sunkuyar da kai. "Mun wanke."

"Kuma kana kallo munka ɗebo?"

"Ina daji, Inna. Na dawo na iske an gama. Aikin mata ne, ban tambayi inda kunka samo ba."

Taɓaryar ta zame daga hannunta. Ta saki Naziru, ta zo ta zauna a dokin ƙofar kusa da Malama, tana duban tafukan hannunta.

"Da waɗanga na rufe idon jikokina biyu," ta ce. "Da su kuma na shimfiɗa wa na uku."

Malama ta kama hannun ta riƙe. "Don ki tsare shi kika yi. Kuma bai zauna ba, Inna. Babu yaron da ya zauna a kai, ko ɗaya. Kwaɗon nan bai taɓa buɗewa ba."

Tsohuwa ta ɗaga kai ta dubi kwaɗon, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ja numfashi ta ce alhamdu lillahi.

Makau bai jira saƙon hedimasta ba. Ya ta da mashin, ya ɗauki Malama zuwa Anka, suka dawo da wani ma'aikacin lafiya, Obed, da na'urar gwada ƙasa. Obed ya ɗora ta a kan daɓen, ya duba, ya ce kowa ya ja da baya. Aka zo aka fasa daɓen aka kwashe, aka killace ramin. Malama ta nace sai an gwada jinin 'yan ajin da na 'yan matan da suka yi jigilar ƙasa. Da sakamako ya fito ba wanda ake bukatar a kwantar, a ranar fura ta cika gidan Malama har ta rasa mazubi.

Daɓe na biyu da ƙasar da aka gwada aka yi shi, kuma wannan karon maza ne suka kawo ta a kan jakuna, suna amsa tambayoyin matansu ɗaya bayan ɗaya. Aka miƙa wa Malama madaɓi ta shiga layi. Ba ta yi nisa ba Inna Amariya ta ce, "Malama, bugun ƙasar kike ko lallashinta? Ba 'yar aji ɗaya ba ce." Aka karɓe madaɓin, aka ba ta kujera.

Malama Salome, ke ce wadda aka yi wa kyauta kika ƙi, ba don raini ba. Ke ce kika zaɓi a zage ki a kan ki yi shiru, alhali ba ki da tabbas, ba ki da dangi a garin da za su tsaya miki. Garkuwar 'yan aji ɗaya, kin san sirrin samarin gari ba ki tona sunan kowa ba, kin san kuskuren iyayenmu mata ba ki kunyata su ba. Mun gode, Malama. Allah ya sa ki huta lafiya, ya ba Malama Hamida irin zuciyarki.

Ga sauran malamai da iyaye, abin koyi a fili yake. In ka ga abin da zai cuci yaro, kada ka jira sai ka tabbata, kada kuma ka jira sai ran kowa ya yi daɗi. Mu maza kuwa mu riƙa tambayar aikin mata, mu riƙa faɗa musu namu, don ramin nan bai zama tarko ba sai da kowa ya riƙe rabin labari.

Yaran da aka kulle wa ƙofa suna aji shida yanzu, da ƙafafunsu da surutunsu. A taron iyaye da malamai da aka yi don yi wa Malama ban kwana, Inna Amariya ta miƙe da sandarta, kowa na jiran yabo.

"Wanga yaro Naziru ya ishe ni," ta ce. "Jiya ya hau katangar liman, shekaranjiya ya kwance akuyar mutane. Kullum sai an kawo mani ƙararshi. Malama ce ta jawo mani wagga wahala. Allah shi saka mata da alheri."

Musulmi da Kirista, baki ɗaya muka ce amin.