Malam Ja'afar Dabo, Wanda Lambar Jininsa Ta Sauko

An haifi Malam Ja'afar a shekarar 1951 a Unguwar Jaji ta ƙasar Shanono. Mahaifinsa Dabo manomin gyaɗa ne, mahaifiyarsa kuwa Hure.

Tasowa da sana'a

Bai taɓa zama a aji ba, kuma har yau bai ga abin da ya rasa ba. Yana ɗan shekara goma sha biyar yake gama huɗar da ƙarti biyu ke wuni a kanta. Daga shekarar 1990 ya fara kai wake kasuwar Dawanau, inda dillalai ba sa soka buhunsa don duba ƙwaya, sunansa kaɗai ya wadatar.

Aure

A 1974 ya auri Kaltume, Allah ya albarkace su da zuriya.

Jarrabawa

A daminar 2021 rama ta kama shi, tare da nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. A wani asibiti a Kano, likita mai suna Falta ta ɗebi jininsa, ta bayyana masa cewa akwai sinadarin da ake kira AFP, wanda ke yawaita idan ciwon daji ya kama hanta. Na mai lafiya ba ya wuce goma, nasa ɗari huɗu ne. Ta umarce shi ya dawo a yi hoton ciki cikin mako guda.

Malam Ja'afar ya yi nazari irin na mai hankali: tunda cutar a jini take, a fitar da jinin mana. Wata biyu cur Audu wanzami yana kafa masa ƙaho, har bayansa ya cika da tsaga.

Da ya koma, ya miƙa hannu yana murmushi. Lamba ta fito ɗari tara.

"Baba, jinin ɗan aike ne kawai," in ji likitar. "Mai aikowar yana cikin hanta."

"To 'yata, ku je ku same shi," in ji shi.

Hoto ya nuna ƙari guda ɗaya wanda bai bazu ba. A watan Nuwamba aka yi masa aiki, aka yanke ƙarin. Kwana huɗu da aiki ya taka da ƙafarsa, alhali samarin da ke ɗakin suna ta nishi. Bayan wata biyu Kaltume ta raka shi karɓar sakamako, tana ta addu'a. Shi ma ya yi tasa, amma ta kasuwar wake ce. Lamba ta dawo takwas. Nan take ya yi sujada a kan siminti.

Rasuwa da jana'iza

Wannan babi an bar shi fari sai ranar da Allah ya ƙaddara. Ya yi wasiyya a binne shi a maƙabartar gabas da gari. Zai bar 'ya'ya huɗu: Kamaruddeen, Nuriyya, Sama'ilu da Firdausi, waɗanda ya tasa a gaba aka gwada jininsu ɗaya bayan ɗaya. Duk wata uku yakan je Kano da kansa. Lambarsa ta watan jiya shida ce, alhamdulillahi.