Malama Ɗaso da Mazaɓar da Aka Shafe

Da an idar da sallar asuba, tun masu shayin unguwar Mansur ba su kunna wuta ba, Malama Ɗaso ta riga ta shimfiɗa dardumarta a ɗakin da ke bayan shagon 'yarta Kabira. Takan zauna inda take ganin ƙofa. Kusan shekara arba'in ke nan tana Makka, amma har yau in aka ƙwanƙwasa da ƙarfi sai gabanta ya faɗi. Mata kan shigo ɗaya bayan ɗaya, wasu don koyon karatun Hausa, wasu da tambaya guda: "Malama, garin mahaifina yanzu a wace jiha yake?"

A wannan watan ta ajiye aikin saboda ido ya yi rauni. Shi ya sa na ga ya dace a faɗi ko wace ce ita tun tana ji da kunnenta.

Malamar firamare ce a gida Najeriya, a mazaɓar sanata da ake kira Kogin Yamma. An kafa mazaɓar a 1979, gundumomi tara a ƙarƙashinta, kuma zaɓe biyu kacal ta gani. A na farko wani tsohon hedimasta ya ci, Ɗaso tana cikin matan da suka tsaya a layi karo na farko a rayuwarsu. A na biyu, cikin 1983, ita ce malamar da ke tattara sakamako a gundumarsu. Da rana tsaka maza huɗu suka shigo ajin da take, suka ajiye mata wata takardar sakamako da aka riga aka cike.

"Sa hannu kawai, Malama," in ji babbansu.

"Ba wannan na ƙirga ba."

"Kina da 'ya ƙarama, ko ba haka ba?"

Amma ba ta sa ba. Bayan kwana biyu aka cinna wa ajin wuta. Mijinta ya kwashe su ita da Kabira, suka bi ta Chadi, suka bi ta Sudan, shekara uku suna hanya. Takardar sakamako ta gaskiya tana ɗinke cikin zanen goyo. Soja suka karɓi mulki a ƙarshen 1983, daga baya aka raba jihar, aka yayyanka mazaɓar aka liƙa wa wasu. Sunan Kogin Yamma ya ɓace daga kowace takarda.

Bai ɓace a wurinta ba. Duk alhajin da ya zo daga can sai ta tare shi: wane ƙauye ya koma wace ƙaramar hukuma, wane dagaci ya rasu, wa ya gaje shi. Tana rubutawa a littattafan makaranta, tana adanawa cikin akwatin ƙarfe. Awwalu, direban tasi na unguwar Hindawiyya, a nan aka haife shi, bai san komai game da asalinsa ba sai sunan wata kasuwa da mahaifinsa ke ambata. Ya ce mini, "Wallahi lokacin da maganar takardu ta taso, ko barci ba na iyawa. Malama ta buɗe littafi ta ce ga ƙauyenku, ga jihar da yake yanzu, ga gidan da za ka nema. Haka na samu baffana." Irinsa suna da yawa. Ranar da aka zo rushe tsohon layin su Malama da ke kan dutse a unguwar Nakkasa, maƙwabta sun ga ta bar katifa da tukwane, ta sauko daga dutsen da akwatin a ka, tana haki.

Bara, lokacin umrar Ramadan, wani mutum mai suna Munzali ya tsaya a ƙofar shagon bayan la'asar yana tambayar Malama. Da ya faɗi sunan mahaifinsa, Kabira ta shige ciki a guje. Ɗan takarar da aka cike wa takardar nan ne ya haife shi.

"Ummi, in ce ba kya nan?"

Abin da Malama take jira duk shekarun nan ya iso har ƙofa. Ta tuna jikokinta, ta tuna cewa baƙo ba ya son abin da zai jawo masa ido a ƙasar mutane. Sannan ta ce, "Shigo da shi."

Ya durƙusa ya gaida ta. Ya ce mahaifinsa ya rasu, kuma a ciwon ajalinsa ya yi ta ambaton wata malama da ta ƙi sa hannu. "Hajiya, kowa a gida yana ce mini babana ya ci zaɓe. Ina so in ji daga bakinki."

Malama ta buɗe akwatin. Ta ciro takardar sakamakon nan da ta yi ja don tsufa, ta miƙa masa.

"Bai ci ba, ɗana. Ga abin da mutane suka jefa."

Ya karanta, ya sake karantawa. Ya tambaya ko za ta ba shi ita. Ta ce a'a, amma ya ɗauki hotonta da waya, ya nuna wa duk wanda ya ga dama. Ya fita yana share ido. Ita kuwa kwana uku ba ta iya cin abin buɗa baki sosai ba, tana sauraron ƙofa. Babu wanda ya dawo.

Malama, ke ce kika ji tsoro kamar kowa, tsoron kuma bai sa hannunki ya rubuta ƙarya ba. Ke ce uwar marasa adireshi. Ba a taɓa ambaton sunanki a majalisa ba, amma mutanen gundumomi tara sun san inda suka fito saboda ke.

Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba idonki lafiya. Ku kuma masu karatu, akwai tsoho ko tsohuwa kusa da ku da ke riƙe da irin wannan labari, suna tsoron faɗa. Ku je ku zauna, ku tambaya, ku rubuta daidai yadda suka faɗa, tun suna iya gyara muku kuskure.