Kunnena Ne Ya Kori Telan Dingyaɗi Daga Kasuwa

Assalamu alaikum masu karatu. Abin da zan faɗa ya daɗe yana cina. A zamanin farar hula na biyu, lokacin da sabulu da shinkafa sai da layi, ni matar aure ce a Bodinga, ba na fita ko'ina, kitso nake yi a cikin gida. Karatuna bai wuce na allo ba, amma Allah ya ba ni kunne, ga baki kuma. Zanar gidanmu na jingine da bayan ƙaramin asibitin unguwa, in malamin asibiti ya yi tari ina ji.

Akwai wani tela mutumin Dingyaɗi da ke cin kasuwar Bodinga da ta Shagari, shi ya ɗinka min kayan sunan ɗiyata ta fari. Sai na lura yana shigowa asibiti ta ƙofar baya, hannunsa na hagu naɗe da ƙyalle. Rannan ina shanya na ji yana roƙon malamin da Allah da Annabi kada kowa ya san abin da ke hannun nan. Malamin ya ce ya kwantar da hankalinsa, wannan amana ce.

Cikin kwanakin aka shiga wa wani manomi rumfar albasa a Lambara, ya ce ya sari ɓarawon da adda a hannu. Matar wani kofur ɗan sanda ta zo kitso, kanta na kan cinyata tana ta mita, wai maigidanta ya je asibiti a gaya masa waɗanda suka zo da rauni, malamin ya ce ciwon mutum sirrinsa ne, doka ta hana shi faɗa sai kotu ta umarta. Har lauyan gwamnati ya aiko, bai sauya magana ba. Ta ce wanga malami ɗaure wa ɓarayi gindi yake yi. Ni kuwa kaina ya kumbura. Na ce mata ai abin da malami ya ɓoye, zana ta sani. Ina kama kitso ina zuba, har ranakun zuwan telan nan asibiti na faɗa.

Ranar kasuwar Shagari 'yan sanda suka same shi a kan keken ɗinki, suka sa ya kwance hannun gaban jama'a. Ba sara ba ne. Ƙunar dutsen guga ce da bai ma ji lokacin da ta same shi ba, domin yatsun sun fara mutuwa. Kuturta ce ta fara kama shi, yana shan magani a ɓoye, kuma yana samun sauƙi. 'Yan sanda suka ce ya yi haƙuri, suka tafi. Kasuwa ba ta tafi ba. Masu ɗinki suka karɓe yadudukansu, abokan cin tuwonsa suka ware masa kwano, wanda zai auri ɗiyarsa ya janye. Kafin damina ya sayar da keke ya koma wajen dangin uwarsa can Kajiji.

Malamin asibiti bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya aiko ta bakin maigidana cewa tun ranar masu irin wannan ciwo sun daina zuwa karɓar magani. Washegari ya sa aka ja katangar laka tsakaninmu.

Na aika neman gafara, aka ce telan ya ce ya yafe don Allah, amma kada a sake kai masa sunana. Yanzu na gane shirun malamin nan shi ma magani ne. 'Yan uwana masu kunne irin nawa, in kun ga likita ya rufe baki, ku rufe naku. Rigar sunan nan tana ƙasan akwatina har yau, ban iya sa ta, ban iya bayar da ita.