Makullin Banɗaki a Ƙugun Manaja

An kori ƙanwata daga aiki saboda tana zuwa banɗaki. Iyakar laifinta ke nan.

Auta muke ce mata, ko da yake ita ma ta aurar da 'ya. Tun tana budurwa take kan keke a masana'antar da ke ɗinka kayan 'yan makaranta, kuma ita ce mai haɗa wuyan riga, aikin da kowa ke gudu. Da keken nan ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta. Mace ce da ko taka ta ka yi, ita za ta ba ka haƙuri.

Ciwon ya fara da murɗar ciki da gudawa, daga baya har da jini. Gwaggonmu ta ce sammu ne, maƙwabta suka ce tsutsa, kowa a layinmu ya zama likita. Sai da aka duba hanjinta da na'ura, likitan gaskiya ya zaunar da mu.

"Malama, babu wanda ya jefe ki," in ji shi. "Sojojin garkuwar jikinki ne. Suna aika wa juna saƙo ta wasu sinadarai, wani saƙon ya ce a kai hari, wani ya ce a tsagaita. A hanjinki masu cewa a kai hari sun fi baki. Ga shi babu abokin gaba, sai suka huce a kan bangon hanjin, ya kumbura ya yi gyambo."

Na ce, "Likita, ashe har cikin mutum akwai 'yan zuga?"

Ya yi dariya. "Sosai, Hajiya. Allurar da za a riƙa yi mata, ɗan aiken masu zugar take tarewa a hanya. Ciwon yana lafawa yana tashi, kuma ba a ɗaukarsa. Amma in ya motsa, hanji ba ya jiran kowa."

Likita bai san sabon Manaja ba. Wannan haziƙi yana zuwa ya gano abin da ya hana masana'anta ci gaba: banɗaki. Ya danna masa kwaɗo, ya rataye makullin a ƙugu, yana yawo kacau-kacau kamar mai gadin baitulmali.

Ranar da abin ya faru, Auta ta same shi yana waya.

"Ranka ya daɗe, makulli."

Ya ɗaga mata yatsa.

"Don Allah, ranka ya daɗe, na matsu."

"Ke kullum a matse kike? Ko keken za mu kai miki ciki? Ki daure."

Ta daure, har abin ya ƙwace mata tana tsaye a tsakiyar kekuna, a gaban matan da ita ta koya wa zura zare. Wata dattijuwa mai guga ce ta yafa mata mayafi ta fitar da ita. Washegari Manaja ya aiko ta zauna a gida, kada ta shafa wa ma'aikata cuta.

Na wanke ƙafa na same shi. Na ce likita ya ce ba a ɗauka.

"Hajiya, ni abin da idona ya gani na sani. Nan ba asibiti ba ne."

Madalla da masani. Wasu sun ƙare ƙuruciyarsu suna karatun hanji, shi kallo ɗaya ya ishe shi.

Yanzu Auta ko ƙofar gida ba ta leƙawa. In an sa mata abinci sai ta ture, wai tana tsoron cikinta. Matar da ba ta iya zama hannu sake, ga ta kwance tana kallon bango, ciwon da ya fara lafawa ya dawo.

To ku masu masana'anta, da ku nake. Ku ɓalle kwaɗon nan yau. Ku mayar da Auta kan kekenta. Manajanku kuma ya ba ta haƙuri da babbar murya, a tsakiyar kekunan nan, ba a lungun ofis ba.