Wanda Ya Fitar da Zanen Malam Hadi

Akwai wata Talata cikin watan Sha'aban da har gobe ba ta bar raina ba, ranar da aka zaunar da Malam Hadi a gaban kwamiti. Ku ajiye wayoyin nan tukuna, masu saye ba za su gudu ba. Kullum kuna cewa na cika tsanani a kan ɗora hoton sabon kaya, to yau ku ji inda tsananin ya samo asali.

Wajen 2008 ne. Ina aiki a wani kamfanin buga atamfa a Sharada, ba sai na kama suna ba, an rufe shi tuntuni. Ni ƙaramin akawu ne a sashen ciniki. A samana akwai babban akawu, a samansa manajan ciniki, Alhaji Tukur, daga shi sai mai kamfani, wanda ba ma ganinsa sai ta gilashin mota. Abin da ya bambanta ni da sauran akawu shi ne 'yar takardar koyon kwamfuta ta wata shida. A lokacin, wallahi, wanda ya iya buɗe imel ji yake kamar ya sauke izu sittin. Ni kuwa kaina ya fi na kowa kumbura.

Malam Hadi shi ne shugaban ɗakin zane. Haifaffen Sharada ne, yakan ce gonar kakansa tana ƙarƙashin simintin da muke takawa. Shekararsa ashirin da shida a kamfanin. Ga wanda bai san sana'ar ba, mace ba yadi take saye a atamfa ba, zane take saye. Mai zane zai fitar da fure a takarda, a raba shi launi-launi, a shirya wa kowane launi abin bugunsa, sannan a buga gwaji, yadi biyu ko uku. Wannan gwajin shi ne samfur. Daga samfur zuwa turmi a kasuwa watanni ne, saboda haka zanen Sallah tun wajen Mauludi ake gama shi.

A tsakanin nan zane amana ne. Samfur yana cikin akwatin ƙarfe a ɗakin Malam Hadi, makulli ɗaya a aljihunsa, ɗaya a ofishin manaja. Manyan dilolin Kantin Kwari uku kaɗai ake kira, su shigo a rufe ƙofa, su gani, su taɓa, su faɗi abin da za su ɗauka, su fita hannu rabbana. Ko ƙyalle ba a yanka wa kowa. Gwajin da ya lalace ma Malam Hadi ba ya yarda a zuba shi a bola. Duk ranar Alhamis shi da kansa yake kai shi bayan boila, wato tukunyar tururin kamfanin, ya cinna masa wuta, ya tsaya har ya zama toka. Mu matasa muna dariya, muna cewa Malam ya tafi turare.

Kamfanin yana jin jiki a shekarun nan. Wuta ba ta samuwa, baƙin man boila sai an sha fama, kayan fasa-ƙwauri sun cika kasuwa. Ni na kawo shawarar a buɗe shafi a intanet. Na rubuta takarda da hannuna, na ce 'yan kasuwar Yamai da Kamaru da Gana za su ga kayanmu ba sai sun tako Kano ba. Alhaji Tukur ya karanta, ya kai wa mai kamfani a matsayin tunaninsa, aka sayo kyamara aka damƙa mini. Kullum bayan azahar ina kafe, ina ɗora hotunan tsofaffin zanenmu a shafin, ina tallata su a dandalin 'yan kasuwa da shafukan sada zumunta da suka fara fitowa lokacin. Kuma gaskiya ɗaya ce, abin ya yi aiki. Kayan da suka yi shekara a sito aka fara neman su daga garuruwan da ba mu taɓa sayarwa ba.

Sai manaja ya ce, “Tsofaffi ma sun jawo wannan, ina ga sababbi? Je ka karɓo samfurin Sallah.”

Na sami Malam Hadi yana haɗa launi. Na ce, “Malam, yallaɓai ya ce ku ba ni samfurin Sallah in ɗauki hoto.”

“Hoto a kai ina?”

“A sa a intanet, masu saye su gani.”

“Su wa ke nan?”

“Kowa, Malam. Duk duniya.”

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, “Ɗan nan, in kowa zai gani, don me nake rufe ƙofa? Ka san fuskar mutum ɗaya a cikinsu?”

Na ce masa zamani ya canja. Ya ce, “To zamanin ya zo da kansa ya karɓi makulli a hannuna.”

Na koma na faɗa wa manaja, har da ƙarin gishiri, don na ji haushin yadda ya yi mini a gaban ma'aikatansa. Alhaji Tukur ya ce in ƙyale tsohon. Ba a yi kwana goma ba aka yi wa Malam Hadi rasuwa, yayansa ya rasu, ya ɗauki hutun mako guda don zaman makoki. Washegarin tafiyarsa manaja ya buɗe akwatin da nasa makullin. Mutum yana can yana karɓar gaisuwa, ni ina ɗakinsa ina ɗaukar zanensa guda shida hoto.

Kwana biyu da ɗorawa sai ga imel daga wani da ya ce shi babban ɗan kasuwa ne a ƙetare, kwantena-kwantena yake saye. Zane ɗaya ya nuna yana so, kuma ya san abin da ya zaɓa, don shi ne gwanin cikinsu: furen tumfafiya a kan shuɗi mai duhu, da ɗigon ruwan goro a tsakani. Ya ce hoton bai fito sosai ba. A shimfiɗa yadin a tebur cikin hasken rana, kada a bar lanƙwasa, a ajiye tef ɗin tela a gefe don ya ga girman furen, a kuma nuna masa bakin yadin, inda ake buga sunan kamfani da lambar zane. Na kai wa manaja, muka yi ta murna. Na je na aro tef a wurin tela, na yi wa mutumin duk yadda ya ce, har na ƙara masa hoto biyu da bai nema ba. Muka ninke samfurin yadda muka same shi muka mayar. Daga ranar ban sake jin ɗuriyar mutumin ba.

Namu bugun kuwa ya makara. Boila ta yi makonni a kashe saboda rashin mai. Farkon Sha'aban, muna shirin fara bugu ke nan, sai ga Alhaji Sabo, ɗaya daga cikin dilolin nan uku, ya shigo ofis ko sallama bai yi da kyau ba, ya jefa turmi a tebur. Ya ce wa manaja, “Ba wannan kuka nuna mini a ɗaki kuka ce amana ba? To ga shi a Kwari, kowane layi, a rabin kuɗin da kuka ce mini.”

Furen tumfafiya ne, a kan shuɗinsa, da ɗigonsa. Yadin sirit, launin da ganinsa zai zuba a wankin farko, amma girman furen bai kuskure ba ko kaɗan. A bakinsa ga sunan kamfaninmu, ga lambar zane. Ba sai wani ya gaya mini ta inda aka bi ba. Kafin mako ya ƙare dilolin uku duk sun janye.

Ga yadda ƙa'ida take idan aka zargi ma'aikaci da babban laifi. A ba shi takardar tuhuma, ya amsa a rubuce cikin kwana biyu. In ba a gamsu ba a dakatar da shi, a kafa kwamiti. Namu mutum bakwai ne: shugaban sashen ma'aikata a kan kujera, wakilin ƙungiyar ƙwadago, shugaban masu gadi, da shugabannin sassa huɗu. Lissafinsu mai sauƙi ne. Makulli biyu ne, ɗaya yana hannun manaja, kuma ba wanda zai tuhumi manaja. Ba mutum ɗaya cikinsu da ya taɓa buɗe shafin nan, balle ya zo masa a rai cewa hoto zai iya komawa atamfa.

Ranar Litinin Alhaji Tukur ya kira ni ya rufe ƙofa. Dama tun ranar da aka kawo turmin ya sa na sauke hotunan. Ya ce, “Sabi'u, gobe za a kira ka, tunda kana shiga ɗakin zane. Maganar shafi ba ta cikin wannan.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ai Malam bai…”

Ya ce, “Takardar shawarar nan da hannun wa aka rubuta ta? Tana nan a fayil. Imel ɗin kuma wa ya tura? Ka yi sabon aure, ka je ka yi tunani.”

Na yi tunanin kuwa. Ranar Talata aka kira ni, Malam Hadi yana zaune a kujerar roba a tsakiyar ɗaki, hularsa a daidai, hannayensa a kan gwiwa. Shugaban kwamiti ya tambaye ni ko na san wani abu game da yadda zanen ya fita. Na ce, “Ban san komai ba.” Ƙarya na yi, tsagwaronta, kuma muryata ko rawa ba ta yi ba.

Malam Hadi ya nemi a kawo Alƙur'ani ya rantse. Aka ce masa nan ba kotu ba ce. Sai shugaban masu gadi ya ce shi abin da ya daɗe yana damunsa, duk Alhamis mutumin nan yana fita da ƙyallaye shi kaɗai zuwa bayan boila, wa ya san wanda yake ƙonawa da wanda yake cusawa a aljihu? Na ga kawuna suna gyaɗawa. Abin da ya yi shekara ashirin da shida yana yi don tsare amana, shi aka rubuta a matsayin hujja a kansa.

Kora aka yi masa, ba sallama ba, da sunan cin amana. Aka caje shi a bakin get a gaban ma'aikatan safe da ke fita da na rana da ke shiga. Magana ta riga shi isa gida. Ya nemi aiki a kamfanonin Bompai, ya nema a na Challawa, ko'ina an ji labari. Mutumin da a da ba a ɗaura aure a unguwarsu sai an jira shi, ya koma ana gaishe shi daga nesa. Ni kuwa aka ƙara mini girma, aka ba ni tebur nawa na kaina da sunan jami'in ciniki ta intanet. Har walima abokai suka sa na yi.

Kamfanin bai ƙara shekara biyu ba ya rufe. Sai da na yi shekara huɗu da abin a cikina kafin na iya zuwa gidansa. Bayan la'asar na same shi a zaure, yana zana wa mata masu ɗinki hula, aikin da ya koma ke nan. Ya rame. Na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga buɗe akwati har tef ɗin tela, na roƙe shi gafara.

Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye biro ya ce, “A gaban mutum bakwai aka kira ni maci amana. A gaban ma'aikata aka laluba aljihuna. Kai kuma ka zo ka wanke ni a zaure, daga ni sai kai sai Allah. Allah dama ya sani. Ni ma na sani. To wa ka faɗa wa?”

Ya ce, “Je ka tara su ka faɗa a gabansu. In ka yi, ka dawo mu yi maganar yafiya.” Ya ɗauki bironsa ya ci gaba da zane.

Shugaban kwamitin ya rasu. Wakilin ƙungiya ya koma ƙauyensu a Jigawa. Alhaji Tukur na same shi a Kwari, ya buɗe shago yana sayar da irin atamfar da ta kashe mu, ya ce mini wace tsohuwar magana ce wannan, in sha lemo. Amma ba zan yi ƙarya a karo na biyu ba. Sauran suna nan cikin Kano, da na sa kaina da na same su. Na riƙa cewa sai bayan Sallah, sai bayan damina, sai na sami sarari. Ina cikin wannan aka gaya mini an kai Malam Hadi makwanci, kwana uku da suka wuce.

Ban ce ku daina sayarwa a intanet ba, da shi nake ci, da shi kuke ci. Abin da sana'ar nan ta koya mini shi ne, kasuwar da ba ka ganin fuskar mai saye, ɓarawo ma mai saye ne a cikinta, kuma ya fi kowa iya tambaya cikin ladabi. In wanda ya yi kaya da hannunsa ya ce kada a nuna tukuna, ku tambaye shi dalili kafin ku yi masa dariya. In kuma abu ya ɓaci, ku lura da kyau, ba wanda ya yi laifi ake nema ba, wanda ba shi da mai tsaya masa ake nema.

Ku ba ku san shi ba, jinku ba zai mayar masa da komai ba, na sani. Duk da haka duk wanda ya zo aiki a ƙarƙashina sai ya ji wannan daga bakina, a gaban mutane. Malam Hadi bai sayar da zane ba. Ni na tura shi, da hannuna, ina murna.