Wa Falmata Ta Shayar?

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka ɗauko gawar Yaya Falmata daga asibiti a Gashuwa, muka kawo ta Nguru aka rufe, kuma har yau ban huce ba. An sha yi mini nasiha cewa fushi da mutuwa saɓo ne. Na sani. Ni da masu rai nake fushi, kuma yawancinsu za su gane kansu in aka karanta musu wannan shafi.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. 'Ya'ya bakwai ta haifa, amma waɗanda suka sha nononta sun fi haka nesa ba kusa ba. A unguwarmu ta bayan tashar jirgi, duk jaririn da uwarsa ta kwanta ciwo, ko nononta ya ƙafe, ko Allah ya yi mata rasuwa, gidan Falmata ake kai shi. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba. 'Yata Zara ma tana cikinsu, don lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni ina jego, Yaya ce ta haɗa ta da nata ɗan ta shayar har na miƙe.

Ga yadda ake tunawa da ita yau. Kowa ya san waɗanda suka sha nono ɗaya 'yan'uwa ne, aure bai halatta a tsakaninsu ba. Saboda haka duk lokacin da za a sa ranar aure a unguwar, sai in ga wata dattijuwa ta yi sallama, ta zauna a tabarmata, ta ce, "Malama, don Allah ki tuna mana, shin Falmata ta shayar da yaron nan?" In na ce a'a, sai a yi guɗa. In na ce e, sai a fita ana ɓata rai, kamar laifi ta yi. A bakin ƙofa kuma a jefo mini, "Allah ya ji ƙanta, mace mai haƙuri." An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Yaya ta dafa dutsen, romon kuwa unguwa ce ta shanye. A shekarun nan duka, babu wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni me yake ba ta dariya, ko wane abinci take so.

To bari in faɗa muku ko ba ku tambaya ba. Falmata tana yarinya ta fi duk yaran unguwarmu ƙiriniya. In ruwa ya cika fadama, ita ke fara faɗawa, kuma babu namijin da ke riga ta isa wancan gefen. Ta taɓa hawa goruba ta ƙi saukowa har Baba ya yi mata alkawarin ba zai duke ta ba. Gasasshen kifi take so, da yajin da ke sa mutum hawaye. In jirgi ya yi kuka zai tashi, takan ce mini wata rana za ta shiga, ta je Kano ita kaɗai, ta ga abin da ake gani ta dawo ta ba ni labari. Wannan yarinyar ce aka mayar "mace mai haƙuri".

Ciwon da ya kashe ta ƙullutu ne a nono. Sai da ya fashe ya fara wari sannan muka sani, muka ɗauke ta zuwa Gashuwa. Ina tsaye a kanta likita ya tambaya, "Mama, yaushe kika fara jin abin nan?" Ta ce, "Lokacin Habu yana rarrafe." Habu shi ne autanta, kuma a lokacin ya riga ya shiga makaranta. Daga nan sai ta zarce da labarin yadda haƙorin Habu na sama ya riga na ƙasa fitowa, da gudawar da ya yi a lokacin, da jiƙon da ta ba shi. Likita ya sake tambaya ko ta rame, ko tana cin abinci, ko abin na hana ta barci. Kowace tambaya sai ta juyo ta dube ni, wai ni in amsa mata. Da farko na ɗauka kunya ce irin tamu ta mata. Daga baya na gane ba ta sani ba ne.

A kwanakin jinyar na so in sa ta dariya, na tuna mata ranar goruba. Ta saurara kamar ina ba ta labarin wata baƙuwa, sannan ta ce, "Ni? Anya ba ke ba ce, Hauwa?" Amma a wannan zaman ɗaya ta lissafa mini kowane jariri da ta taɓa ɗorawa a cinya, da wanda ke cizo, da wanda sai an yi masa waƙa yake kamawa. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, har ranar da ta cika.

Zara ta girma ta zama ungozoma, tana aiki a Gashuwa. Ita ce ta fara ba ni sunan abin. Ta ce akwai wani sinadari da jiki ke saki lokacin naƙuda da lokacin shayarwa, ana kiransa oksitosin, irinsa ne ma a allurar da suke yi wa mai haihuwa. Shi ke sa nono ya zubo da zarar uwa ta ji kukan ɗanta, shi ke ɗaure zuciyarta da jaririn. Ta ce wasu masu bincike suna ganin yana karkatar da hankalin mutum daga kansa zuwa wanda yake kula da shi, har abin da ya shafi kansa ya rage zama a ƙwaƙwalwarsa. Ta ƙara da cewa, "Umma, ba a gama tabbatar da wannan ba fa, kar ki je ki rubuta cewa ni na yanke hukunci." To ga shi ban ce ta yanke ba. Amma ni na ga matar da ta yi fiye da shekara ashirin ba ta sauke jariri daga ƙirjinta ba, kuma na ga abin da ya rage mata na kanta.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ji wannan bayani. Na san dariya za ta yi, ta ce 'yan boko sun raɗa wa tausayi suna. Da ta ga matan yanzu suna duba waya don sanin nauyin jariri da ranar riga-kafi, za ta yaba, ta ce an ci gaba. Ba za ta lura ba cewa har yanzu duk tambayoyin a kan jaririn suke.

Ni ban zargi sinadarin ba. In Allah ya sa wa uwa mantuwa da kanta don ɗanta ya rayu, rahama ce, kuma ta ɗan lokaci ce. Wanda ya manta da kansa saboda ku, ku ne ya kamata ku tuna masa. Mijin Falmata dillalin bandar kifi ne, da hanci kaɗai yake gane kwandon da kifi ya fara lalacewa tun daga bakin rumfa, amma matar da suke kwana ɗaki ɗaya ta yi shekaru da ciwo bai ji komai ba. Matan da suka riƙa miƙo mata jarirai sun ga ƙirjinta a buɗe fiye da kowa. Ko ɗaya ba ta ce, "Falmata, mene ne wannan?" ba. In sun tambayi jiki ta ce da sauƙi, sai su karɓa da sauri, don da sauƙin nan ya yi musu daidai.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne Yagana, babbar 'yar Falmata. Tana goyon ɗanta na huɗu, kuma an riga an fara kawo mata na maƙwabta, ana cewa ta gaji uwarta. Watan jiya na je gidanta, na ga tana juya yaron zuwa ɓangare ɗaya kawai, in ya taɓa ɗayan sai ta cije leɓe. Na sa hannu ba tare da neman izini ba. Ƙullutu ne, mai tauri kamar ƙwallon goruba. Na ce, "Tun yaushe?" Ta ce, "Inna, ba komai ba ne, nono ne ya daskare. Ina jin tun kafin a yi wa yaron nan aski." Na tuna amsar uwarta a gaban likita. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Na roƙe ta mu je Gashuwa Zara ta kai ta a duba. Ta ce sai yaro ya warke daga mura. Na koma, ta ce sai an gama girbin shinkafa mijinta ya samu sarari. Na yi faɗa, na yi kuka, na kira sunan uwarta, ta ba ni haƙuri kamar ni ce marar lafiyar.

Mutane suna cewa abin da Falmata ta bari shi ne yaran da ta raya, waɗanda yanzu wasu ke tuƙa Keke Napep, wasu ke karatu a jami'a. Gaskiya ne, kuma Allah ya saka mata. Amma ta bar wannan ma, 'yar da ta koyi cewa mace tagari ita ce wadda ba ta san inda ke mata ciwo ba, da unguwar da ke jiran ta da jarirai a hannu. Wannan gadon ne na ƙi a raba.

Ranar Litinin da ta wuce na shiga gidan Yagana da hantsi, ban yi dogon zance ba. Na ɗauki yaron daga kan tabarma, na goya shi da zanena, na kama hanyar tashar mota. Ban waiwaya ba sai da na isa bakin motar Gashuwa. Tana bayana, mayafinta a karkace, takalmi ƙafa ɗaya nata ɗaya na mijinta, tana haki tana cewa, "Inna, bai sha nono ba fa." Na ce ta shiga mota in ba ta shi. Ta shiga. A asibitin Gashuwa an ɗebi abin da za a gwada, muna jiran sakamako, kuma ina roƙon addu'ar mai karatu. Amma duk tsawon hanyar nan ina kallonta tana shayar da shi, na san ba don kanta ta biyo ni ba.